Sunan da Hajiya Kouloussoum ta kira sau ɗaya

Daga Zubair Dabo, Greensboro

Hajiya Kouloussoum Daouda ta rasu ranar Talata, 14 ga Oktoba, a wani asibiti da ke nan Greensboro, bayan fama da ciwon ƙoda. Shekarunta hamsin da takwas. An yi mata salla washegari bayan azahar, aka kai ta makwancinta a ɓangaren Musulmi na maƙabartar da muke binne namu. Ɗanta na fari, Hamissou, shi ne ya fara sauka cikin kabarin ya karɓe ta. Allah ne Ya ba mu ita, Shi ne Ya karɓe ta, mu ma wurinSa muka nufa.

Hajiya, na tsaya a bakin kabarinki ina kallon hannun Hamissou, wanda wuta ta ƙona, yana gyara miki kwanciya. Na yi baƙin ciki kamar kowa. Amma akwai wani abu kuma a raina, kin kuwa san shi, domin kin sha tsokanata a kansa kina raye. Ƙyashi ne. Ɗanki ya dawo ya sa ki a ƙasa da hannunsa. Nawa yana can inda aka kama su tare, ban kuma san wanda zai sauka cikin nawa ramin ba.

Ga wanda bai san labarin ba, ga shi a taƙaice. Hamissou makanikin injin jirgin ruwa ne. A Abidjan ya koyi aikin, tun kafin ya biyo iyayensa Amurka, shi ya sa mahaifiyarsa takan ce ita kaɗai ce 'yar Maraɗi da ta haifi kifi. Ɗana Abdurrahim a garin nan ya girma, ya koyi aikin wutar lantarki, ya gaji da ja wa mutane waya a gidajen haya. Hamissou ne ya yi masa hanya a jirgin dakon kayan da yake aiki. A tafiyarsu ta biyu tare, jirgin yana sauke hatsi a wata tasha, yaƙi ya ɓarke a ƙasar. Rundunar sojin ruwan ƙasar ta karɓe jirgin. Ta sallami kyaftin da manyan jami'ai, waɗanda ƙasashensu ke da murya a duniya, ta riƙe mutanen ɗakin inji da masu gyaran wuta, ta rarraba su a ƙananan jiragenta masu kai wa sojoji mai da abinci. Ba a kira su fursunoni ba. An ba su kaki, an ce 'yan sa-kai ne. Ba zan ambaci sunan ƙasar ba, saboda lauyoyi sun roƙe mu kada mu yi muddin akwai namu a hannunsu. Yaran biyu katin zama kawai suke da shi a nan, fasfonsu na gida ne, don haka duk ofishin da muka shiga sai ya nuna mana ƙofar wani.

Kafin wannan abu, sanin da na yi wa Hajiya bai wuce na gaisuwa ba. Na san ta a matsayin matar marigayi Malam Daouda, mai zama a wani ɗan gida a unguwar Glenwood, wadda ta mai da bayan gidan gonar yakuwa da kuɓewa, in sun nuna ta zo masallaci ranar Juma'a da ledoji tana rabawa. Aikinta kula da wata tsohuwa ne a Irving Park. Unguwar ta masu motoci ce, saboda haka takan sauka daga bas a bakin babban titi ta ƙarasa da ƙafa, da zafi da sanyi. 'Yan mata ɗalibai da suka sauka daga Yamai ko Kaduna ba su san kowa ba, da yawansu a falonta suka yi makonninsu na farko. Ba ta tambayar yarinya 'yar gidan wa ce. Tambayarta ita ce ko ta ci abinci, in ta ce ta ci, ta ce ƙarya take yi, ta zuba mata.

Da aka kama yaran, iyali biyu ne kawai abin ya shafa a garin nan, nata da nawa. Sauran suna Gana da Indiya da Filifin, ta waya muke haɗuwa. Muka fara tsayawa duk Alhamis da rana a titin Elm, kusa da ofisoshin gwamnati, riƙe da hotunan yaran. Ni nake rubuta takardun koke, domin na yi aikin jarida a Kano kafin in zama tafinta a kotu a nan. Ita ce ke kawo mutane. Ɗaliban da suka ci tuwonta suka riƙa zuwa, da matan masallaci, har da 'yar tsohuwar nan ta Irving Park, wadda ta zo da karenta ta riƙe hoton Abdurrahim a kife sai da aka gyara mata.

Wata Alhamis muna tsaye, don in rage mana tsawon rana, na gaya wa Hajiya abin da na karanta: cewa sama da shekara ɗari biyu da suka wuce, sojojin ruwan Birtaniya sun riƙa tare jiragen Amurka a teku suna kwashe matuƙa su tilasta musu aiki, iyayensu mata da matansu suna ta rubuta koke, har abin ya shiga cikin dalilan yaƙin da ƙasashen biyu suka yi a 1812. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "To, uwayen sun samu nasu?"

Na ce wasu sun samu, da yawa ba su samu ba.

"Bon. Malam Zubair, in ka sake karanta irin wanga, ka bar shi cikinka."

Abin da nake so a tuna ta da shi ya faru ne a ofishin Scholastica, lauya 'yar asalin Kamaru da ta ɗauki maganarmu. Wata ƙungiya mai shiga tsakani ta samu yardar kwamandan da ke riƙe da yaran cewa zai kalli ɗan gajeren bidiyo daga iyayen kowane ɗaya. Sharaɗin mai sauƙi ne. Uwa ko uba ya faɗi sunansa, ya faɗi cikakken sunan ɗansa da bakinsa, ya shaida cewa farar hula ne, ya roƙi a sake shi. Ni na fara. Na yi nawa da Turanci da Hausa, ban yi tuntuɓe ko ɗaya ba. Sai Hajiya ta zauna gaban kyamara, ta gyara mayafi, ni kuma na tsaya a gefe don in fassara.

"Ni ce Kouloussoum, matar marigayi Daouda, 'yar Maraɗi. Wanga yaro da kunka ɗauka daga bato, jirgin nan na ruwa, shi ne babban gidanmu. Bai san bindiga ba, inji ya sani. Ku dubi Allah ku sako shi."

Scholastica ta ce ya yi kyau, sai dai ba a faɗi sunan ba, a sake. Aka sake. Wannan karon Hajiya ta kira shi yayan Assibi, wato yayan 'yarta. A na uku ta ce mai sunan Malam. Scholastica ta kashe kyamara ta ja ni waje, ta rage murya ta tambaye ni ko na tabbata matar nan ita ta haife shi. In gwaggonsa ce ko riƙonsa ta yi, gara a gaya mata yanzu kafin masu shiga tsakani su gano da kansu. Ko kuwa, in ji ta, mantuwa ce ta fara kama ta?

Na yi mata bayanin abin da kowane Bahaushe mai shekaruna ya sani. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, alkunya ce. A nan kuma abin biyu ne, domin yaron sunan kakansa ya ci, mahaifin Malam Daouda, shi ya sa ma ɗan fari yake amsa sunan da aka saba ba ɗa na biyar. Sunan suruki ke nan a kan na ɗan fari. Sama da shekara talatin, tun ranar da aka raɗa masa shi, bai taɓa fita daga bakinta ba. In an tambaye ta a asibiti ko a makaranta, 'yarta Assibi ce ke faɗa. Akwai wani Hamisu ɗan Gusau da ke gyara mata famfo, shi ma mai sunan Malam take ce masa.

Muka koma ciki. Na ce ni zan faɗi sunan a madadinta, Scholastica ta ce sharaɗin ya ce daga bakin uwa. Assibi, wadda a nan ta yi makaranta tun daga firamare, haƙurinta ya ƙare.

"Mom, it's just a name. Just say it."

"Ke, rufe mini baki da Turancinki. Ranar da kika haihi naki kya gane."

Sai ta juyo kaina, kamar ni na kafa sharaɗin. Abdurrahim shi ne na uku a 'ya'yana, babu wata kunya tsakanina da sunansa.

"Kai dai ka huta, Malam Zubair. Kana kiran naka kamar mai tsai da tasi. Abdurrahim, Abdurrahim. Ni in na buɗe baki sai in ga surukina zaune bisa buzunshi yana kallona. Wallahi yau kishinka nike."

Ta ɗauki jakarta ta fita, ba a yi bidiyon ba ranar. Na ji haushinta, ba zan ce ban ji ba, domin masu shiga tsakani sun ce sai an haɗa na kowa za su aika, jinkirinta jinkirin ɗana ne. Daga baya Assibi ta gaya mini abin da ya faru a gida. Hajiya ta buga waya Maraɗi wurin yayar mijinta, tsohuwa tukuf, ita kaɗai ta rage a 'ya'yan mai sunan. Ta yi mata bayani, ta nemi izini. Tsohuwar ta ce, "Ke mahaukaciya ce? Kira shi. In Malam ya yi hushi, ni na kusa iske shi, sai in ba shi haƙuri."

Mako na zagayowa ta kira ni ta ce in kai ta. Ta sa farin mayafi kamar mai zuwa Idi. Ta roƙi duk wanda ba dole ba ya fita daga ɗakin. Ta faɗi sunanta da na mijinta da garinsu kamar da. Ta kalli kyamara, ta faɗi sunan a hankali, gaɓa bayan gaɓa, kamar kalmar wani yare da aka koya mata jiya. Ta ce ɗanta ne, ita ta haife shi, a sako mata shi. Daga nan ta ja mayafin ta rufe fuskarta gaba ɗaya, ta zauna haka, kyamara tana ɗauka, babu wanda ya iya tashi ya kashe ta. Na fassara kotuna da yawa a garin nan, na fassara wa mutanen da aka yanke wa shekaru a gidan yari, ban taɓa tuntuɓe a fassara ba sai ranar.

Na mayar da ita Glenwood a mota. Da na tsaya a ƙofar gidanta, ta riƙe marfin motar, ta ce, "Ashe gajere ne." Ta sauka.

Hamissou ne ya ba ni labarin ɗaya ɓangaren bayan ya dawo. Wani hafsa ya tara su a kan jirgi ya nuna wa kowa nasa a waya. Da aka kunna nawa, Abdurrahim ya yi dariya ya ce, "Ga Baba nan yana karanta labaran duniya." Da aka kunna na Hajiya, Hamissou ya ce da farko bai gane da shi ake ba. Ya ji muryar da ya sani, ya ji sunan da ya sani, amma bai taɓa jin su a haɗe ba. Ya zauna a ƙasa yana kuka. Ya ce da ni, da yake Tonton yake kirana, wato kawu, "Tonton, na ɗauka mutuwa za ta yi. Ko kuma an ce mata ni na mutu." Hafsan ya tambaya me ya sa ƙato kamar wannan yake kuka don an kira sunansa. Abdurrahim ne ya yi masa bayani.

Bayan 'yan watanni aka sako mutum uku, Hamissou na ciki. Ban san dalilin da ya sa aka zaɓe shi ba, kuma babu wanda ya sani a cikinmu. Scholastica tana ganin saboda hannunsa ne, wanda ya ƙone a ɗakin inji har ba ya iya riƙe sifana da shi, ya zama ba shi da amfani a wurinsu. Hujja ta fi ƙarfi a nan, kuma da ni ke rubuta labarin a jarida wannan zan sa. Mutanen masallaci sun ce bidiyon ne. Matata Bebi ma haka ta ce. Ni kuwa, duk da hujjar, na rasa yadda zan hana kaina yin wannan tunani: ke kin adana sunan ɗanki shekara da shekaru, ranar da aka buƙace shi kika fito da shi sabo fil. Ni na gama da nawa tun yaron yana rarrafe. Abdurrahim sauka daga kan kujera, Abdurrahim kashe talabijin, Abdurrahim ina makullin mota. Ranar da ake son sunan ya yi nauyi a kunnen wani soja, nawa ya fito kamar yadda yake fita kullum. Malamai sun ce in mutum bai yi fatan a ƙwace ni'imar ɗan'uwansa ba, yana dai son irinta, ba hassada ba ce. Allah Ya sa haka ne. Ban taɓa fatan a mayar da Hamissou ba. Amma na yi fatan a ce ni ne ke.

Mun raka ki filin jirgi ranar da ya sauka, ni da Bebi. Duk wanda ya zaci zai ga uwa ta ruga ta rungume ɗanta bai san ki ba. Ya durƙusa a gabanki, kika kau da kai kika ce, "Sannu da hanya," kamar wanda ya dawo daga kasuwa, kika shiga gyara ɗaurin ɗankwalin da babu abin da ya same shi. Bebi ce ta rungume shi. Ta riƙe shi ta daɗe, sannan ta ɗago ta ce, "Ina ka baro mini shi?" Ya sake durƙusawa, wannan karon a gabanta.

Daga ranar Bebi ta daina zuwa gidanki. Na tambaye ta dalili, ta ce ba za ta iya ganin takalmansa a bakin ƙofa ba. Wata rana a wurin suna ta ce wa wata, ɗanki ne ya kai nata, ɗanki ne kuma ya dawo. A garin nan magana ba ta kwana inda aka faɗe ta. Kwana kaɗan sai ga ki kin hau bas biyu kin zo gidanmu, da kwanon dambun zogale a jaka. Ina ɗaki ina jin ku.

"Gaskiya kika hwaɗi, Bebi. Da ni ce ke, da na hwaɗi abin da ya hi haka muni."

Bebi ta ce, "Yaya Kulsum, ni ban ce ke kika yi ba."

"Kin ce, kuma ba komi. Ki ci gaba da jin haushina, ina iya ɗauka. Amma Alhamis ki hito. Ba ni tsayawa ni ɗaya da hoton ɗanki mutane su ɗauka maraya ne."

Bebi ta fito ranar Alhamis. Ba ta koma gidanki ba, kuma ba ki taɓa ce mata ta koma ba.

Jama'a sun so a yi walimar dawowar Hamissou. Maza har sun je wata gona a bayan gari sun zaɓi rago. Kika hana. Kika ce rabin kaya aka kawo miki, ba a sauke farali a kan rabin kaya. Aka yi ta lallashinki, liman ma ya sa baki ya ce godiya ga Allah ba ta jiran komai, kika ce kin riga kin gode Masa tsakaninki da Shi, ragon ne zai jira. Har kika rasu ba a yi walimar ba. Ko wannan ma ina ƙyashinsa, Hajiya. Da nawa ne ya fara dawowa, na san kaina, da an ji kiɗa har birnin Raleigh.

Sauran iyayen da aka sako wa nasu sun yi mana addu'a sun janye, ban ga laifinsu ba. Ke kika ajiye hoton ɗanki kika ɗauki na ɗana. Sunan Abdurrahim ba na surukinki ba ne, kika ce, kina iya kiransa har gobe. Kika kuwa kira shi. Masu sayar da kofi a titin Elm, da ba su iya cewa Kouloussoum, duk sun iya cewa Abdurrahim, saboda duk Alhamis suna jinsa daga bakinki da ƙarfin da ban san kina da shi ba. Da ciwon ya tsananta aka sa ki wankin ƙoda, kika ce wa likita kowace rana ya ga dama ban da Alhamis. Daga baya sai da kujera ake kawo ki, kina zaune da hoton a cinya.

Akan bar yaran su buga waya jifa-jifa, kiran kuma ba ya daɗewa. Labarin tsayuwarki ya kai wa Abdurrahim. Tun daga lokacin, ɗan abin da aka ba shi na magana sai ya raba shi da ke. Ina ƙoƙarin tambayarsa ko suna kusa da inda ake harbi, shi yana cewa, "Baba, ya jikin Mama Kulsum? A ce mata ta daina fita cikin sanyi." Na sha ajiye waya ina jin kamar an karɓe mini wani abu. Na gaya miki haka wata rana, kika yi dariya har tari ya sarƙe ki, kika ce, "Ka ga yadda na ji ranar bidiyo."

Kiransa na ƙarshe ya same mu a asibiti a gefen gadonki, ni da Bebi, wadda ta iya zuwa asibiti ko da yake ba ta iya zuwa gida. Ya gaishe ni, ya ce a ba ki. Na kara miki wayar a kunne. Kika ce masa ya ci abinci ko ba daɗi, kada ya yi musu gardama, ya riƙe salla ko a zaune. Ya fara wata magana kika katse shi. "Ya isa. Ba ni ce uwarka ba, ga ta nan." Kika tura wayar wajen Bebi. Ita ta yi magana da shi har layin ya yanke. Ni gaisuwar kawai na samu, kuma wannan karon ban ji an karɓe mini komai ba.

Ba ki sake kiran sunan Hamissou ba bayan wancan bidiyo. Shi ya yi jinyarki, da hannu ɗaya da rabi, yana ɗaga ki yana kwantar da ke, kina ce masa babban yaro har ranar ƙarshe. A wurin zaman makoki ya zauna kusa da ni, bayan mutane sun ragu, ya ce, "Tonton, ka san wanda nake kishi? Abdurrahim. Shi ta kira shi a titi, kowa yana ji, sau ba adadi. Ni sau ɗaya, shi ma a wayar wani soja." Na dubi ɗan da ya dawo yana kishin wanda bai dawo ba, ga ni uban wanda bai dawo ba ina kishin uwar da ke kabari. Na ce masa dai nasa ya fi tsada. Ya ce ya sani, amma da ya so na biyu.

Bebi tana cikin matan da suka yi miki wanka. Bayan an dawo daga maƙabarta ta shiga gidanki, karo na farko tun saukar Hamissou. Ta tsallake takalman da ke bakin ƙofa ta wuce kicin ta ɗora tukunya, domin baƙi sun cika falo kuma Assibi ba ta cikin hayyacinta. Tana can har yau da nake wannan rubutu.

Abdurrahim bai san kin rasu ba. In ya kira, abin da zai fara tambaya ke nan, kuma har yanzu ni da Bebi ba mu daidaita kan wanda zai gaya masa ba.

Ina miƙa ta'aziyyata da ta iyalina ga Hamissou da Assibi, da dangin Malam Daouda da nata a Maraɗi, musamman tsohuwar da ta ba da izini kuma Allah Ya ƙaddara ita za ta ji mutuwar Kouloussoum. Ina yi wa 'yan Nijar mazauna Greensboro ta'aziyya, da matan masallacinmu, da ɗaliban da suka kwana a falonta, da iyalin da ta yi wa aiki a Irving Park, waɗanda suka zo jana'iza suka tsaya daga nesa cikin ladabi. Allah Ya jiƙan Hajiya Kouloussoum, Ya yafe mata kurakuranta, Ya sa ciwon da ta sha ya zama kankarar zunubi. Ya yalwata kabarinta Ya haskaka shi. Ya saka mata tsayuwar da ta yi wa ɗan da ba ita ta haifa ba da inuwa a ranar da babu inuwa sai taSa. Ya haɗa ta da mijinta da surukinta a Aljanna, ba tare da ta ji kunyar kowa ba. Ya ba 'ya'yanta haƙurin rashinta. Ya kuɓutar da duk wanda aka ɗauke daga aikinsa aka tura yaƙin da ba nasa ba, namu da na wasu. In tamu ta zo Ya sa mu cika da imani.

Za a ci gaba da tsayuwar Alhamis a titin Elm a lokacin da aka saba. Hamissou ya ce shi zai riƙe hoton.

Jiya Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, Scholastica ta kira ni. Masu shiga tsakani sun shaida mata cewa an sauke ma'aikatan jirgin biyu a tashar wata ƙasa maƙwabciya, ɗaya daga cikinsu ɗan Afirka ta Yamma ne. 'Yan Afirka ta Yamma uku ne suka rage a hannun rundunar. Har zuwa lokacin da na kammala wannan rubutu ba a tabbatar da ko wane ne ba.